Ɗaure-Tam da Giyar Keken Surukinsa

In ka shiga layin ka ce kana neman Injiniya, kowa zai ce maka bai san shi ba. Amma ka ce Ɗaure-Tam, har mai shagon bakin titi sai ya bar ciniki ya nuna maka gidan. Sana'arsa saka ƙofofin ƙarfe ce, na gidaje da na shaguna, kuma duk duniya shi kaɗai ke kiran kansa Injiniya da zuciya ɗaya. Aƙidarsa a wurin aiki guda ce: duk sukurun da aka bari da sauran juyi a jikinsa, abin kunya ne ga wanda ya ɗaura shi. Famfon gidansu da ya gyara bara, tun ranar bai ƙara ɗiga ba, kuma tun ranar ba a samu wanda ya iya buɗe shi ba.

Gida ɗaya suke da surukansa. Shi da matarsa suna sama, Baba da Inna suna ƙasa, sai wani tela da ke haya a ɗakin bakin ƙofa, mutumin da tagarsa ba ta rufuwa, bakinsa ma haka.

Baba shekara talatin da biyu ya yi yana raba wasiƙu a kan keke. Da ya yi ritaya, maimakon ya nemi tabarma ya huta, sai ya sayo keken tsere, siriri, mai lanƙwasasshen kai, wanda ake ɗagawa da yatsa biyu. Duk shekara ana yin tseren dattawa, kilomita goma sha biyu, kuma a tsakiyar hanyar akwai wani mugun hawa a bayan tankin ruwa. Bara a rabin hawan nan Baba ya sauka ya tura kekensa, mutane na yi masa tafin tausayi. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya sha alwashi a gaban iyalinsa cewa bana, daga busa usur har layin ƙarshe, ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba. Likita kuma ya ce saboda gwiwarsa wannan ne tserensa na ƙarshe. Wata shida tsohon nan ya yi yana fita atisaye kullum safiya.

Ana saura kwana uku giyar gaba ta karye. Ɗan ƙarfen nan ne mai kama da ƙaramin keji da ke saman feda, wanda kaca ke bi ta cikinsa. A wurin akwai faranti biyu masu haƙora, babba na gudu a miƙaƙƙiyar hanya, ƙarami na hawa. In ka danna liba a kan keken, waya ta motsa kejin, kejin ya ture kaca daga wannan faranti zuwa wancan. Sabuwar ba ta iso ba sai da safiyar ranar tseren. Baba ya tafi karɓo lambar tsere da gwajin jini, ya bar wa 'yarsa keken da kwalin sabuwar giyar, da saƙo ɗaya: a kai wa Mai Keke, mai gyaran kekuna, ya ɗaura.

A tsakar gida Ɗaure-Tam ya tare ta.

"Ina za ki da keken Baba?"

"Wurin Mai Keke. Ya ce a kai kafin ƙarfe ɗaya, daga nan zai rufe ya tafi filin tsere. Minti ashirin ya ce zai gama."

"Minti ashirin!" Ɗaure-Tam ya buɗe kwalin, ya ɗago giyar da yatsa biyu yana yi mata kallon raini. "A kan wannan 'yar abar? Ni da na rataya get mai nauyin mota ni kaɗai? Minti biyar, ina shan shayi da ɗaya hannun."

"Baban yara, don girman Allah ka bari."

"Ke dai ɗauko min akwatina."

Gaskiyar magana, shekara tara ke nan yana auren 'yar Baba, bai taɓa jin tsohon ya yabi aikinsa ko da kuskure ba. Tuni ya hango kansa a filin tsere cikin fararen kaya, Baba ya dafa kafaɗarsa yana gaya wa jama'a wanda ya haɗa masa keken. Har wani daɗi ya ji a ƙirjinsa.

Inna tana shanya a igiya. Ita ba ta yi wa surukinta magana kai tsaye, ko da taku uku ne tsakaninsu.

"Ki ce wa mijinki keken nan ba ƙofa ba ne."

"Ki gaya wa Inna duk ƙarfe ƙarfe ne."

A cikin kwalin akwai takarda mai hotuna da ke nuna yadda ake ɗaurawa. Ɗaure-Tam ya warware ta, ya ga faɗinta ya yi masa, ya shimfiɗa a ƙasa ya durƙusa a kai don kada wandonsa ya yi datti. Ya kife keken, tayoyi sama, sirdi ƙasa. Ya rungumar da zoben giyar a bututun firam, ya ɗaure yana fito. Minti huɗu ya miƙe yana karkaɗe hannu.

"Tela, duba agogo. Ka zama shaida."

Ya mayar da keken kan ƙafafunsa. Sai ga keji can sama yana kallon sirdi, kaca kuma tana ƙasa tana harkar gabanta. Ashe da ya kife keken, ya manta bai kife giyar ba.

Tela ya leƙo ta taga, awo rataye a wuya, allura a baki. "Injiniya, tsani za a kafa wa kacar ta hau ta same shi?"

"Gwaji ne wannan. Duk babban aiki da gwaji ake farawa."

"To gwajin ya yi kyau. Daga nan ma ina ganinsa."

Ya kwance ya juya ta daidai. Yanzu sai shigar da kaca cikin keji, ga kaca zagayayya ba baki ba wutsiya, ga keji a rufe ta ko'ina. Ya tura ta gefe, ta ƙi. Ya tura ta ƙasa, ta ƙi. Ya ɗauko filaya ya kama ɓangare ɗaya na kejin ya ja har ƙarfen ya yi ƙara, ya wage baki, ya cusa kacar, sannan ya matse shi ya koma, ko da yake ba yadda yake a da ba.

Matarsa ta zaro takardar daga ƙarƙashin gwiwarsa ta duba. "Ga wani ɗan sukuru a wutsiyar kejin. A hoton nan shi suka kwance, kacar ta shiga salin alin."

"Wanda ya zana hoton ba shi da filaya."

"Sun kuma nuna tsakanin kejin da haƙoran babban faranti bai wuce kaurin mabuɗi ba."

"Kaurin mabuɗi?" Ya yi dariya har da buga cinya. "In ruwan sama ya kwaso yashi fa? Ta ina zai wuce? Ƙa'ida yatsa biyu ce. Je ki duba duk get ɗin da na saka a garin nan, yatsa biyu ne tsakaninsa da ƙasa, ba a taɓa kawo min ƙara ba."

"Ai ba sa iya buɗe get ɗin su fito su kawo ƙarar," in ji Tela.

Ɗaure-Tam ya yi kamar bai ji ba. Ya zura yatsunsa biyu, masu kauri kamar muciya, ya ɗaga giyar sama daidai su. Saura daidaita fuskarta. Kamata ya yi kejin ya yi layi ɗaya da farantin, amma shi a sana'arsa ba ya yarda da komai sai bango. Ya ɗauko lebur ɗinsa, katakon nan mai ƙwayar ruwa a tsakiya, da igiyar awo mai dalma a ƙasa. Ya jingina keken a karkace, ya rufe ido ɗaya, ya auna kejin da bangon ɗakin Inna har ƙwayar ruwa ta zauna tsakiya. Kejin ya yi daidai da gidan cif. Da keken ne kawai bai yi daidai ba.

Kafin nan maƙwabta sun fara taruwa a bakin ƙofa. Mai shago ya shigo da kujerarsa. Ganin jama'a ya ƙara wa Ɗaure-Tam ƙarfin gwiwa, ya ɗaga murya.

"Yanzu ku kalli inda ake gane gwani. Ɗauri!"

Ya sa sifana ya ɗaure zoben. Ya ƙara. Ya ji da sauran juyi, sai ya zura wani dogon bututu a hannun sifanar, ya hau kai da duk nauyinsa. Firam ɗin keken tsere kuwa bai fi gwangwanin madara kauri da yawa ba. Aka ji ƙwaf! Bututun ya loɓa ciki, wurin ya yi rami mai ɗaukar babban yatsa.

Allurar da ke bakin Tela ta faɗi.

"Ya zauna," in ji Ɗaure-Tam. "Ƙarar zama ce wannan."

Ya laluba akwatinsa ya zaro takardar tallarsa mai manne, wadda yake liƙawa a kowace ƙofa in ya gama. An rubuta Injiniya da manyan baƙaƙe, ƙofofi da tagogi, ga lambar waya a ƙasa. Ya manna ta a kan ramin ya shafe da tafin hannu.

Yana jan waya zai ɗaura ne idonsa ya sauka kan wasu ƙananan sukuru biyu a saman giyar, gefe da gefe, kawunansu a tsaye ba su kai ƙasa ba. Waɗannan ba don ɗauri aka yi su ba. Su ne iyakar kejin, ɗaya ya tare shi kada ya wuce waje, ɗaya ya tare shi kada ya wuce ciki, kuma da rubu'in juyi ake lallaɓa su. Ɗaure-Tam da ya gan su sai fuskarsa ta haskaka kamar wanda ya kama ɓarawo.

"Jama'a ku zo ku ga aikin kamfani! Sukuru biyu, ko rabi ba su ɗaure ba! Haka Mai Keke zai bar su, tsoho ya hau ya je ya faɗi. Allah ne ya kawo ni."

Ya sa sukundireba ya murɗa na farko har ya daina motsi, ya murɗa na biyu har jijiyar wuyansa ta fito. Ya ce Tela ya fito ya ɗaga tayar baya, mai shago ya juya feda. Ya danna liba da yanga.

Keji ko gezau. Kaca tana gogar ƙarfe, ƙir ƙir ƙir.

Ya danna da hannu biyu. Ya sa gwiwa. Ya ce mai shago ya ƙara gudu, mai shago ya juya feda har hularsa ta faɗi.

"Injiniya," in ji Tela, yana nishi da tayar a hannu, "wannan giyar tana da ladabi. Inda ka ajiye ta nan take."

"Sabuwa ce, ba ta saba ba."

"Baban yara, sha biyu da rabi ta wuce," in ji matarsa. "Mu kai wa Mai Keke tun bai rufe ba."

"In kai masa aikin da na ci rabinsa, ya ƙarasa ya ce shi ya yi? Ai na gano matsalar." Ya nuna sukuru biyun da bakin sukundireba. "Waɗannan ne munafukan. Tun da na taɓa su abin ya tsaya. Ba su da wani amfani, ƙawa ce kawai."

Ya kwance su gaba ɗaya, ya jefa cikin gwangwanin tarkacensa, inda sukuru ɗari uku 'yan uwansu ke kwance. Aka sake ɗaga taya, aka juya feda, ya danna liba.

Wannan karon kam keji ya motsa. Ya tafi waje da gudu ba mai tare shi, ya kwashi kaca ya wuce da ita babban faranti, ya watsar. Kacar ta yi tsalle, ta fyaɗi sifanar da ke yashe a ƙasa, ta feso baƙin giris a layi ɗaya tun daga goshin mai shago har kan farin zanen gadon da Inna ta gama shanyawa.

"Kun ga ƙarfi?" in ji Ɗaure-Tam. "Ɗazu wa ya ce ba ta motsi?"

Inna ta daɗe tana kallon zanenta. "Ki ce wa mijinki," ta fara, sai ta haɗiye. "Ki ce masa ba ni da abin da zan ce masa."

Ya mayar da kacar da hannu, ya danna liba ta ɗaya ɓangaren. Keji ya dawo ciki da irin wannan gudun, ya wuce ƙaramin faranti, ya zubar da kacar a lungun da ke tsakanin farantin da firam. Sai da suka yi minti goma sha biyar su uku suna zaƙulo ta da cokali da sukundireba. Suka sake, ta faɗi waje. Suka sake, ta faɗi ciki. Ya zazzage gwangwanin a ƙasa yana neman sukuru biyun nan, duk wanda ya ɗauka sai ya ga ko ya yi kauri ko ya yi tsawo. Matarsa ta yafa mayafi ta ruga shagon Mai Keke, ta dawo tana haki. An rufe, har da kwaɗo biyu.

A nan ne tsoro ya kama Ɗaure-Tam, tsoro na gaske. Ya ɗora kacar a kan babban faranti da yatsunsa, ya lallaɓa kejin ya tsaya a kanta, ya gano cewa muddin ba a taɓa liba ba, keken yana tafiya. Yana ƙir ƙir, amma yana tafiya. Ya goge giris da takardar hotunan, ya jingina keken, ya hau sama ya yi wanka.

Ƙarfe biyu da rabi Baba ya shigo da sauri, lamba goma sha huɗu a ƙirji, hular kwano a hannu. Layin gwajin jini ya cinye masa lokaci, tsere kuma ƙarfe uku ne.

"An karɓo daga wurin Mai Keke?"

'Yarsa ta buɗe baki. Ɗaure-Tam, wanda ya sauko cikin fararen kaya da takalmi sau-ciki, ya riga ta.

"Ni na yi, Baba. Da hannuna."

Baba ya dube shi, ya dubi keken, ya dubi zanen gadon da ke kan igiya. Ya miƙa hannu zai gwada liba. Ɗaure-Tam ya yi wuf ya tare.

"A'a Baba! Kada a taɓa yanzu. Sabon ɗauri ne, sai ya sha iska ya kama. Ko get aka kafa, ba a buɗe shi a ranar sai siminti ya bushe."

"Siminti ka sa min a keke?"

"Misali ne, Baba. Kafin ka kai hawan ya gama kamawa."

Babu lokacin gardama. Baba ya ɗaure hularsa, ya hau, ya fice. Keken ya miƙe layin sumul kamar ba abin da ya same shi. Ɗaure-Tam na ganin haka tsoronsa ya gudu, ƙirjinsa ya dawo wurinsa. Ya juya ga maƙwabta ya buɗe hannuwa. "To? Ina masu dariya?"

Tela ya goya shi a babur zuwa filin. Dattawa ashirin da ɗaya sun jeru a bakin layi. Mai Keke yana bi yana matsa tayoyinsu ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kan lamba goma sha huɗu. Ya sunkuya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan?"

"Ni ne," in ji Ɗaure-Tam daga bayan igiya. "Salon zamani ne, ba lallai ka gane ba."

"Ina sukuru biyun da ke nan?"

"Sun yi yawa, na rage."

Mai Keke ya ɗago zai yi wa Baba magana, usur ya tashi. Dattawa suka zabura, Baba a tsakiyarsu. Mai Keke ya kamo Ɗaure-Tam ta wuyan farar rigarsa da hannu mai giris.

"Saurara. In bai taɓa liba ba, zai sha wuya a hawan nan, amma ƙafafun tsohon nan na bana za su iya kai shi. In ya taɓa, kaca ta faɗi, shi ke nan. Ku yanke ta bayan kasuwa ku riga shi. Ka tsaya a gindin hawan, yana zuwa ka yi masa ihu kada ya danna. Aikinka ke nan. Ihu kawai. Ko shi ma sai an nuna maka a hoto?"

Suka yanke ta bayan kasuwa, suka riga kowa. Hawan ya cika maƙil da 'yan kallo hagu da dama, don nan ne ake ganin wanda zai sauka. A gindinsa wani mai lasifika yana ta surutu don cika lokaci, labari ya ƙare masa har ya fara gaishe da mutane ɗaya ɗaya. Ganin mutum cikin fararen kaya ya diro daga babur, sai ya miƙo masa abin magana.

"Ranka ya daɗe, da alama kana cikin manyan baƙi. Me za ka ce wa jama'a?"

Tela ya ja hannun rigarsa. "Injiniya, ihu aka aiko ka."

Amma Ɗaure-Tam bai taɓa jin muryarsa a lasifika ba. Ya yi gyaran murya, ya ji ta dawo masa daga bangon tankin ruwa da kauri, sai duk wani saƙo ya fice masa daga kai.

"Jama'a, ku sa ido a kan lamba goma sha huɗu. Ni na haɗa giyarsa. Kamfani sun turo ta da kurakurai uku, na gyara. Akwai kayan da suka sa na banza, na cire. Irin wannan aikin, sai dai in ba a ga Injiniya ba..."

"Ga su nan!" in ji Tela.

"...domin shi ƙarfe, yana da harshe. In ka iya jin harshensa..."

"Ga Baba nan! Shi ne na uku! Yi ihun!"

Ɗaure-Tam ya juyo. Baba ya riga ya wuce shi da taku goma, ya sunkuya kan keke, ya fara cin hawan da kyau, jama'a na tafi. Ya ga yatsun tsohon sun miƙe zuwa liba. Ya buɗe baki, ga lasifika a hannu, abin da ya fito kawai shi ne, "Wayyo!"

Kacar ta faɗi, ƙarar ta kai har gindin hawan. Ƙafafun Baba suka shiga juya iska da gudu, keken ya tsaya cak, ya fara rangaji, ya karkata hagu. Ƙafar hagun Baba ta bar feda ta nufi ƙasa, sai ya janye ta da ƙarfi ya mayar.

Ɗaure-Tam bai san lokacin da ya jefar da abin magana ya kwasa ba. Ya cafke sirdin ta baya saura ƙiris keken ya kwanta.

"Baba, sauko in mayar da ita, minti ɗaya!"

"Ba na sauka."

"To ya za a yi?"

"Tura!"

Ya tura. Hawan nan ko babur sai ya yi kuka kafin ya kai ƙarshensa. Taku ashirin, takalmi ɗaya ya fice. Taku arba'in, hula ta bi shi. Dattawa suna wuce su ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya waiwayo. Mai lasifika ya tsinci abin maganarsa ya biyo su a guje, don bai taɓa samun labari irin na yau ba.

"Jama'a, ga giyar zamanin da aka yi mana alkawari! Mai ƙafa biyu ce, tana sanye da fararen kaya! Ga ta nan tana numfashi! Bari in karanto muku tallar da ke jikin keken, ga duk mai buƙata. Injiniya, ƙofofi da tagogi..." Ya karanta lambar wayar sau biyu, a hankali, don masu rubutawa.

Hawan gaba ɗaya ya kece da dariya. Wata mata ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Ɗaure-Tam ya gwada miƙa hannu ɗaya ya zaƙulo kacar yana tafe, feda ta zagayo ta ƙwale shi a goshi, kejin ya murɗe ya shige cikin haƙoran faranti ya maƙale. Wayar da ke aljihunsa ta fara ringi, wani ɗan kallo ne ke gwada lambar.

Da suka kai saman hawan, ɗaya takalmin ma ya tafi, farar rigar ta koma kalar hanya. Wani alƙalin wasa ya tare su da jar tuta.

"Lamba goma sha huɗu, an tura ka. Ka fita daga gasa."

"Na ji," in ji Baba.

Mai Keke ya iso a bayan wani babur, ya tsuguna ya leƙa. Ya girgiza kai. "Ta cushe. Sai an kwance feda da faranti duka. Aikin gobe ne, Baba."

Baba bai sauka ba. Yana zaune kan sirdi, ƙafafunsa biyu a kan feda, surukinsa na riƙe da shi ta baya. Yana kallon bayan sauran dattawan suna ƙanƙancewa a miƙaƙƙiyar hanya. Idanunsa suka kawo ruwa, bai ɓoye ba. Dariyar jama'a ta lafa da kanta.

"Wata shida," ya ce, ba da ƙarfi ba. "Yau na ji ƙafafuna. Da na hau shi."

Kunya ta rufe Ɗaure-Tam tun daga kai har tafin ƙafarsa da ke kan kwalta mai zafi. Ya so ya yi shiru, amma baki ya riga ya saba.

"Baba, in ka duba da kyau, asalin laifin na kamfani..."

"Ba bakinka nake so yau ba. Ƙafafunka nake so." Baba ya goge ido da bayan hannu, ya gyara zaman hular kwano, ya kama kan keken. "Su sun cire ni daga gasarsu. Ni ban cire kaina daga maganata ba. Na ce ƙafata ba za ta taɓa ƙasa ba sai a layin ƙarshe."

Ɗaure-Tam ya share gumi. "Saura nawa, Baba?"

"Kilomita shida."

"Akwai gangara?"

"Shekara talatin da biyu ina bin hanyar nan da jakar wasiƙu. Ko ɗaya babu."

Mai lasifika ya sanar wa jama'a, jama'a suka yi shewa suka jeru a bayansu, Tela a gaba yana ɗauke da takalmi ɗaya. Ɗaure-Tam ya dubi hanyar, miƙe take har inda ido ya tsaya. Ya sunkuyar da kai, ya dafa sirdin da hannu biyu, ya tura.